Bes ɗin Yaya a Hannun Bahaguwa

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Yanzu na dawo daga otal, kuma in ban rubuta ba, zan huce a kan wanda bai ji ba bai gani ba.

Mai Fiyano ne ya kira ni. Shi ne shugaban ƙungiyar da Yaya yake kaɗa wa bes, kayan kiɗan nan mai tsirkiya da kakkaurar murya, a zauren cin abincin otal ɗin. Tun da aka dawo da Yaya gida daga asibiti da ciwon hannun hagu, ni nake tsaya masa a wurin, da ɗan bes ɗina na lantarki da nake ratayawa a wuya. Ba wanda ya yi ƙorafi sai yau. Wai manaja ya ce baƙi suna tambayar ina ƙaton nan na katako da ake tsayarwa a ƙasa, wai nawa yana sa cokula rawa a kan tebur. Cokula dai!

Ya zaunar da ni, ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. In ya fara haka na san ba alheri.

"Auta, ba ni da yadda zan yi. Zuwa ƙarshen wata ko dai ki zo da bes na tsaye, ko in ba Dogo wurin. Kuma kin san Dogo ba ya riƙon ƙwarya. In ya shigo ya shigo ke nan."

Na ce wurin Yaya ne. Ya ce ya sani, ai shi ya sa ya kira ni ni kaɗai. Sai ya ƙara da cewa, "Ga na yayanki can a gida yana shan ƙura. Ki juya tsirkiyoyin kawai mana."

Kawai. Mutumin da ya san ni bahaguwa ce tun ina rarrafe, ya san da hagu nake ja, da dama nake dannewa, shi ne yake ce mini kawai.

Bes ɗin Yaya yana tsaye a kusurwar falo. Dattijo muke ce masa. Ya fi ni tsayi, ya girme ni, kuma Mama ta lulluɓe shi da zanen gado kamar mai zazzaɓi. Ba zan juya shi ba. Ranar da na juya shi, na faɗa wa Yaya abin da ko likita bai faɗa masa ba. Zan nemi wani mai sauƙin kuɗi, na bahago, in riƙe wurin har ya miƙe.

Laraba, bayan na tashi daga aiki

Na roƙi mai kantin maganin da nake wa aiki ya sake ni da wuri, na tafi layin masu kayan kiɗa. Na shiga shago na fita shago har ƙafata ta kumbura. Bes na tsaye a shago ɗaya na gan shi, can bayan tulin lasifika, an ɗora masa hular wani a ka.

Na ce da mai shagon na bahago nake nema. Ya dube ni kamar na ce ya sayar mini da takalmi ƙafa ɗaya.

"Hajiya, ai kiɗa ba shi da hagu ba shi da dama."

Na ce to ya ɗauki biro ya rubuta mini sunansa da hagu in gani. Ya yi dariya, bai rubuta ba. Ya ce zai iya sa a kawo mini daga waje. Da ya faɗi kuɗin sai na tambaye shi ko har da motar da za ta ɗauko shi za a bar mini. Kuma wai sai bayan watanni. Ina fita ya ɗaga murya: "Ko ki ɗauki wannan ki juya tsirkiyoyin kawai!"

Kowa ya zama gwani. Har mai gadin layin na ga bakinsa yana motsi, na yi sauri na wuce kafin shi ma ya ce kawai.

Alhamis, da safe

Mama ta ce in ci abinci. Na ci. Na Yaya yana nan a rufe yadda aka kai shi.

Juma'a, ƙarfe uku na rana

Mama ta raka Yaya asibiti wajen masu motsa jiki, gidan ya rage daga ni sai Dattijo. Na ce bari in gwada. Taɓawa ce, ba juyawa ba, wannan ban yi wa kowa alkawari a kai ba.

Na yaye zanen, na rage masa ƙafar ƙarfen nan ta ƙasa don ya zo daidai tsayina, na tsaya yadda Yaya yake tsayawa. Hagu a wuyan bes ɗin, dama a tsirkiya. Kaina ya san waƙar sarai, hannuwana suka ce ba su san zancen ba. Damata tana zuwa a makare kullum, kamar mai jiran a ba ta izini. Hagun kuma ja take so ta yi, ba dannewa ba. Na koma ɗaya gefen na tsaya irin tawa, sai babbar tsirkiya ta koma can nesa, ƙaramar ta zo kusa, komai ya kife. Abin da ya fito ko akuya ba za ta yarda nata ne ba. Ga bororo a yatsu biyu, kuma gobe da su zan ƙirga wa mutane ƙwayoyi.

Na mayar da zanen tsaf kafin su dawo. Yaya ya shigo, hannun yana cikin aljihu kamar kullum. Bai ko juya kai sosai ba.

"Kin rage masa ƙafa."

Na ce zan mayar.

"Ki mayar, ko ki bari. Duk ɗaya."

Ya shige ɗaki. Da a ce zagina ya yi da na fi jin daɗi. Mutumin da in ka jingina buta kusa da Dattijo sai ka sha wa'azi, yau shi ne da duk ɗaya. Raina ya ɓaci har na rasa da wa nake fushi.

Asabar, da rana

An ba ni labarin wani mutum mai bes na sayarwa, wai ya tarar da shi a sito lokacin da ya sayi gidansa. Kuɗin da ya faɗa a waya ya yi daidai da aljihuna, abin da ya kamata ya tsorata ni ke nan. Na biya na ɗauki Mai Gyara, tsohon da yake duba wa Yaya Dattijo tun ina makaranta. Ba ya dariya, ba ya sauri, kuma tsinken sakace ba ya barin bakinsa.

Muka tarar da bes ɗin kwance tsakanin tsohuwar firji da tayoyi. Mai Gyara ya ɗaga shi, wani abu ya ruga a ciki. Mai gidan ya ce, "Ai ba sa cizo."

Na ce da Mai Gyara in na saya, nawa zai juya mini tsirkiyoyi. Ya cire tsinken, ya dube ni.

"Har ke? Ke da kika tashi a gidan? Zo ki leƙa."

Ya haska tocila ta tsagar da ke ƙirjin bes ɗin, ya zura ɗan madubi.

"Kin ga gefen babbar tsirkiya? Akwai dogon katako manne ta ciki, shi yake ɗaukar nauyinta. Dubi ɗaya gefen. Kin ga ɗan sandan can a tsaye? Ginshiƙi ke nan. Ba gam, ba ƙusa, nauyin tsirkiyoyi ne kaɗai yake riƙe da shi. In za a mayar da bes na bahago, sai an buɗe ƙirjin gaba ɗaya, a sauya musu wuri, a sake fere wuya, a sassaƙa sabon jaki."

Jaki shi ne ɗan katakon da tsirkiyoyi suke hawa a kai. Wannan ko ni na sani.

Na ce to ya buɗe wannan. Ya danna ƙirjin da babban yatsa, katakon ya lotsa kamar burodi.

"In na buɗe shi ba zai rufu ba. Ki bar wa masu haya ɗakinsu."

A hanya ya tambaye ni jikin Yaya. Na ce da sauƙi. Ya ce, "Hannun fa?" Na ce masa ga motarsa can ta zo.

Lahadi, bayan cin abincin rana

Kawu ya zo, ƙanen Mama. Kafinta ne, kuma tsakani da Allah ƙofar da ya kafa ba ta taɓa kuka ba. Matsalarsa ɗaya, a wurinsa duk abin da aka yi da katako ɗan'uwan ƙofa ne.

Mama ta riga ta kwashe komai ta faɗa masa. Ya je ya ɗaga zanen, ya ƙwanƙwasa wa Dattijo baya kamar mai zaɓen kankana.

"Wannan ne ya hana ki barci? Katako katako ne, 'yata. Kafin shayi ya huce na gama."

Na ce, "Kawu, don Allah kada kowa ya taɓa shi."

"To me ya sa?"

Na buɗe baki zan yi bayanin ginshiƙi da dogon katako, sai na ga Yaya a kujerar gefe yana matsa ƙwallon robar da aka ba shi a asibiti. Yana matsawa, ƙwallon ko a jikinta. Ta yaya zan tsaya ina lissafa yadda ake feɗe bes ɗinsa a gabansa? Na ce kawai kada a taɓa. Ga shi ni ma na ce kawai.

Kawu ya kashe wa Mama ido. Na gani. Na ɗauka irin tasu ce ta 'yan'uwa.

Litinin, da safe

Wani kofin ya sake fashewa a ɗakin Yaya. Mama ta ce iska ce. Tagogi a rufe suke.

Talata, kafin mu hau kiɗa

Dogo ya zo otal, wai gaisuwa. Ya gaishe ni da ladabi har da rusunawa, ya tambayi Yaya, ya yi addu'a mai tsawo. Duk lokacin idonsa yana kan kusurwar da Yaya yake tsayawa, yana auna ta. Har ya ɗan taka wurin da ƙafa ya ji ko katakon yana motsi. Da muka fara sai na ƙara wa lasifikata murya. In cokula za su yi rawa, su yi da dalili.

Na kira wasu lambobi da aka ba ni. Ɗaya ya sayar, ɗaya bai san me ake nufi da na bahago ba, ɗaya ya ce in juya tsirkiyoyin. Na kashe wayar kafin ya ƙarasa.

Alhamis, ƙarfe shida na yamma

Bari in rubuta yadda abin ya faru.

Na dawo daga aiki na tarar da falo a share, an kawar da tebur gefe. Mama tana tsaye tana murmushi irin wanda na daɗe ban gani ba. Kawu yana goge hannu da tsumma. Dattijo yana tsakiyar ɗaki ba zane, babbar tsirkiya ta koma inda ƙaramar take.

"Ga shi nan," in ji Kawu. "Na bahaguwa. Ko sisi ba ki kashe ba."

Mama ta ce, "Na ga kina ta wahala ne, Auta. Kin rame."

Na tambaye shi yadda ya yi. Ya ce ai ba wuya. Ya kwantar da shi, ya kwance tsirkiyoyin duka a lokaci ɗaya don aiki ya yi tsabta, ya juya jakin, ya mayar. Sai ya ƙara da alfahari: "Har wani guntun katako na tarar yana yawo a ciki. Masu ƙira na yanzu ba sa share bayan aikinsu. Da ƙyar na girgizo shi waje."

Na ce yana ina. Mama ta nuna ƙofar kicin. Ginshiƙin Dattijo ne suka tokare ƙofar kicin da shi don kada iska ta rufe ta.

Na yi ihu, "A sassauta! Kawu, a sassauta tsirkiyoyin!" Na yi kan kunnuwan da ake ɗaure tsirkiyoyin da su zan murɗa. Kawu ya riƙe mini hannu yana cewa in tsaya in ji sautin tukuna, ya sa yatsa ya ja babbar da ƙarfi.

Ƙas.

Ba ƙara mai yawa ba ce. Kamar an taka busasshen kara. Tsaga ta tashi daga ƙarƙashin ƙafar jaki ta gangara ƙasa, ƙirjin ya lotsa ta gefe ɗaya. Muka tsaya mu uku muna kallo. Kawu ya ce a hankali, "Gam zai kama shi." Na faɗa masa maganganun da ba a faɗa wa ƙanen uwa. Ba zan rubuta su ba, kuma ban ce na janye ba.

Abin da ya fi ci mini rai ba wannan ba ne. Ƙofar Yaya a buɗe take. Mama ta ce tun safe a buɗe take. Yana kwance yana jin ana kwance tsirkiyoyi ɗaya bayan ɗaya, ya ji faɗuwar ginshiƙin, ya ji ana girgiza Dattijo kamar asusu. Shi da ya fi kowa sanin abin da zai biyo baya. Kalma ɗaya ta isa, bai faɗe ta ba.

Juma'a, da rana

Ba na yi wa kowa magana. Ba wanda ya lura, don kowa ma ba ya yi.

Asabar, ƙarfe huɗu na yamma

Kawu ya zo da sassafe da motar ɗaukar katakonsa. Ya shimfiɗa katifa a baya, katifar gadonsa ce, na gane ta. Bai kawo gam ba, bai kawo shawara ba. Muka kwantar da Dattijo, na zauna a baya na rungume wuyansa, Kawu yana tuƙi kamar ya ɗauko ƙwai. Na so in ci gaba da fushi da shi, sai katifar ta dinga ɓata mini shiri.

Mai Gyara ya dubi tsagar, ya dubi Kawu, ya dubi ginshiƙin da na miƙa masa. Ya shinshina shi.

"Albasa?"

Na ce labari ne mai tsawo.

Ya ce tsagar ta bi ta daidai mazaunin ginshiƙi, ba a ɗinke irinta ta waje, dole a buɗe ƙirjin. Aikin zai kai tsakiyar watan gobe, in gam ya ga dama. Sai ya juya tsinken bakinsa ya ce, "Tun da za a buɗe, an buɗe ke nan. In na bahago kike so, yanzu ne zai zo miki da sauƙi, ɗan ƙari ne a kan gyaran. Ba za ki sami bes na bahago da araha irin wannan ba har ki tsufa. In kuma yadda yake za a mayar, to. Amma sau ɗaya zan rufe."

Na ce a mayar da shi yadda yake.

"Naki ne?"

Na ce na Yaya ne.

"To mai shi ya faɗa mini da bakinsa."

Na ce mai shi ba ya magana. Ya ce shi ma ba ya sauri. Tsoho mai taurin kai! Kawu ya ce duk abin da aka kashe shi zai biya, Mai Gyara ya ce ya dai tsaya can bakin ƙofa, kada ya taɓa komai.

Litinin, da yamma

Na faɗa wa Mai Fiyano gaskiya, ba bes zuwa ƙarshen wata. Na roƙe shi ya ƙara mini lokaci. Na roƙe shi fa, ni da ban iya roƙo ba. Ya cire tabarau.

"Auta, mutum uku ne suke ci daga wurin nan bayan ke. In manaja ya kawo wata ƙungiya, me zan ce wa iyalansu?"

Gaskiya ya faɗa, abin da ya ƙara ƙona ni ke nan. Na fi son mutum ya cuce ni sarai in san inda zan ajiye haushina. Dogo zai fara ranar ɗaya ga wata. Mai Fiyano ya ce in gaida Yaya, ya ce yana ta kiransa ba ya ɗauka. Na naɗe wayar lasifikata, na ɗauki bes ɗina. Mai ganga ya taya ni kai kaya bakin titi, na gode masa.

Wurin ya tafi. Abu ɗaya aka bar mini in riƙe, ya zame.

Talata, ƙarfe biyu na rana

Ban je aiki ba. Na shiga ɗakin Yaya ba sallama. Yana zaune bakin gado, labule a sake, ɗakin yana warin man zafi. Na ce an ba Dogo wurin. Ya ce, "Dogo ya iya."

Nan na fashe. Na ce na yi yawon shaguna kamar mahaukaciya, na leƙa gidan ɓeraye, na roƙi mutum har muryata ta canza, duk don ya sami inda zai koma, shi kuma yana kwance yana jin ana karya Dattijo bai iya cewa a bari ba. Na ce in ya haƙura da kiɗa ya faɗa mini, in daina wahalar da kaina. Na ce na gaji da takawa a hankali a gidan nan kamar an yi rasuwa, alhali ga shi zaune da ransa.

Ya bar ni na gama. Sai ya zaro hannun daga aljihu ya ɗora a gwiwa. Tun ranar da ciwon ya same shi ban kalli hannun sosai ba, kullum ina samun abin kallo a wani wuri. Yau na kalla.

"Wa ya ce ki riƙe mini wuri?"

Na ce ba kowa.

"Kullum kika fita da bes ɗin nan, sai in ji kamar ana jirana a bakin ƙofa da takalmina a hannu. Da na ji Kawu yana kwancewa, cewa na yi a bar shi ya karye kowa ya huta." Ya shafa gwiwa. "Da ya karye kuma ban huta ba."

Na faɗa masa abin da Mai Gyara ya ce, har da zancen sau ɗaya zai rufe. Ya daɗe yana kallon hannun, yana motsa yatsan nuni, shi kaɗai ne yake amsawa sosai. Ya ce gobe in tashe shi, zai bi ni.

Na fito na tarar da Mama a bayan ƙofa tana goge abin da ba ya buƙatar guga.

Laraba, bayan mun dawo

Ya sa riga mai maɓalli, kuma bai yarda kowa ya taya shi ba. Mun yi latti saboda haka.

Mai Gyara ya riga ya buɗe ƙirjin. Dattijo yana kwance a kan benci, cikinsa a waje, ƙura da tsohon gam da sunan wani da aka rubuta da fensir tun kafin a haife mu. Na ɗauka Yaya zai kau da kai. Sai ya matsa ya shafa dogon katakon da damarsa, daga sama har ƙasa.

Mai Gyara ya ce, "To, mai shi. Ta yaya zan rufe?"

"Juya shi."

Na ce ban yarda ba. Na ce ba na so, ba na karɓa, wurin ma ya riga ya tafi, me zan yi da shi? Na ce in sadaka yake son yi ya nemi wani. Muryata ta hau har mai walda na maƙwabta ya leƙo.

Yaya ya ce, "Ke wa ya ce don ke ne? Komai sai ki sa kanki a ciki."

Ya jawo wani bes na mutane da ke jingine a bango, ya zagaya ya tsaya ta gefen da nake tsayawa. Ya ɗora damarsa a wuya, ya danne, tsirkiyar ta kwanta lumus. Sannan ya ɗaga hagun da ƙyar, ya saƙala yatsan nan ɗaya, ya ja da dukan hannun tun daga kafaɗa. Sauti ya fito, mara kyau, amma ya cika shagon.

"Wannan ba zai ƙara dannewa ba," ya ce. Karo na farko ke nan da wani ya faɗe shi da baki a gabana, kuma shi ne ya faɗa. "Amma yana ja. Ɗayan kuma lafiyarsa lau, jahili ne kawai."

Mai Gyara ya ce, "Ka san daga farko za ka fara? Kamar yaro?"

"Na sani."

"Wa zai koya maka? Bahagon mai bes a garin nan ban san ko ɗaya ba."

Su biyun suka juyo suka dube ni. Ni kuwa ga hawaye ga majina, ga haushi bai gama sauka ba. Na ce ni ban iya na tsaye ba. Yaya ya ce shi ya iya na tsaye, ni na iya hagu, in aka haɗa mu za a sami mutum ɗaya.

Lahadi, ƙarfe biyar na yamma

Dattijo yana can sai watan gobe, don haka da nawa na lantarki muka fara. Na tsayar da shi a kan kujera, na ɗaure da ɗankwalin Mama don kada ya zame.

Ban taɓa ganin mugun ɗalibi irin Yaya ba. Ina nuna masa yana gyara mini. Ya ce ina lanƙwasa wuyan hannu, ya ce ina sauri, ya ce wa ya koya mini wannan. Na ce shi. Damarsa tana ta faɗawa inda ba a aike ta ba, hagun tana gajiya tun ba a je ko'ina ba, sai ya sauke ta ya jira rawar ta tsaya. Sau biyu ya yi tsaki ya juya zai tafi ɗaki. Sau biyu ya dawo da kansa, wai ya manta bai gama faɗa mini kuskurena ba.

Sauti huɗu nake so ya jera, huɗu tak, irin wanda ya ba ni ina ƙarama. Ya kawo uku, na huɗun ya kuɓuce. Ya tsaya yana haki, gumi har cikin ido, ya dube ni kamar yana jiran in ce ya isa haka, ya yi ƙoƙari, a bari sai gobe. Tausayinsa ya kama ni, kuma na san in na nuna ya gama da ni.

Na ce, "Ba daidai ba. Sake."

Ya harare ni. Ya goge fuska da kafaɗa, ya ɗaga hannun ya sake.